Ƙofar Ƙarfe ta Siton Zoɓo

Inna Kubura ba ta taɓa hawa motar ɗaga kaya ba, ba ta san inda ake murɗa mata makulli ba, kuma ranar da aka zauna zaɓenta ba wanda ya nemi jin ta bakinta. Amma duk faɗin Dutse ba wanda motar nan ta ci wa mutunci kamarta.

Ga yadda abin yake. Alhaji Sale yana da siton zoɓo a gefen gari, dogo, mai rufin kwano. Manoma na kawo masa busasshen zoɓo daga Aujara da Buji da ƙauyukan da ke tsakani, shi kuma ya sa a tsince, a fitar da kara da tsakuwa da gurguzu, a ɗura a buhu, a loda wa tireloli su kama hanyar Legas. Tsintar nan kuwa sai hannun mata. Da ya fara, zawarawa da tsofaffi kaɗai ke zuwa, ba su kuma isa ba. Inna Kubura, wadda mijinta ya daɗe da rasuwa kuma duk unguwa ke jin nauyinta, ita ta ɗauki mayafi ta dinga bi gida-gida tana roƙon magidanta su bar matansu su fito aiki. A unguwar da matar aure ba ta leƙa ƙofar gida da rana, kowa ya san wannan ba ƙaramin roƙo ba ne. Ta sha a'a har ta ƙoshi.

Wanda ya fi ba ta wahala shi ne Malam Muslim tela, mijin Ikilima. Sai da ta yi ta sintiri a shagonsa kafin ya ɗaga ƙafa daga keken ɗinki ya dube ta.

"Inna, ni magana ɗaya gare ni. Namiji zai gan ta ko ba zai gan ta ba?"

"Ba zai gan ta ba. Ni na faɗa maka."

"To, na ba ki amanarta."

A kan wannan kalmar aka gina komai. Aka raba siton biyu da tamfol mai kauri daga bango zuwa bango, maza a gaba, mata a baya. Tagogin sama na ɓangaren mata aka toshe su da kwano, don 'yan dako in sun hau saman tirela suna iya hangowa. Mata na shiga ta wata 'yar ƙofa a lungu, mai kwana irin ta zaure. Babbar ƙofar ƙarfe ta ɓangarensu da ke kallon filin lodi kuwa aka garƙame ta, makullin ya koma wuyan Inna Kubura. In an cika buhu sai a tura shi ta ƙarƙashin tamfol, hannu ya ja daga can, ba a ga fuska ba. Saboda zafin kwano, da sun shigo sai kowa ta cire hijabi ta rataye a igiya can bakin 'yar ƙofa, a yi aiki da ɗaurin ƙirji ko shimi, ana hira ana shewa kamar a tsakar gida.

Shekaru aka yi a haka, ba a taɓa jin kansu ba. Ikilima ta sayi tunkiya, ta sa 'yarta a makaranta, ta daina miƙa wa kowa hannu don kuɗin sabulu. Sauran ma kowa da abin da za ta nuna. Duk wannan kuwa yana rataye ne da ƙofar nan da ke rufe.

Sai kasuwa ta buɗe wa Alhaji, lodi ya fi ƙarfin kafaɗar 'yan dako, ya ce zai sayi motar ɗaga kaya. Ranar da mai sayarwa ya zo daga Kano, wani Kingsley mai yawan fara'a, Inna Kubura na zaune a barandar ofis tana jiran Justina, mai kula da sito, ta ba ta sababbin faya-fayai. Taga a buɗe take, don haka komai a kunnenta.

Kingsley ya ce iri uku ne. Akwai mai batir da ake cajawa, ba ta hayaƙi ko kaɗan.

Alhaji ya yi dariya. "Wutar da ba ta iya cika min waya ita za ta cika mota? Wuce gaba."

Akwai mai aiki da iskar gas irin ta girki, hayaƙinta kaɗan ne, ita aka fi sawa a cikin sito.

"Tukunyar gas a bayan direba, a tsakiyar busasshen zoɓo? In ta lalace kuma in zauna jiran mai gyara daga Kano? Wuce gaba."

Sai ta dizal, mai ƙarfi, mai jure wahala.

"Yawwa! Man da tirela ke sha shi janareto ke sha, shi za ta sha. Kowane makanike daga nan har Ringim ya san cikinta."

A gaskiya ba maganar banza ya yi ba, abin da ya fi ba da haushi ke nan. Kowane dalili da ya kawo yana da ƙafa. Kingsley ma bai ɓoye komai ba, ya ce, "Amma Alhaji, ta dizal fili take so. In a ciki za ta yi aiki, dole ƙofofi su zama a buɗe gaba da baya, iska na ratsawa."

Justina ta ce, "Ranka ya daɗe, ƙofar baya fa a rufe take. Ta mata ce."

"Ai ba bango ba ne, ƙofa ce. Ƙofa kuwa buɗe ta ake yi."

Da suka fito Alhaji ya tarar da Inna Kubura a baranda. Ya gaishe ta da kyau, ya tambaye ta gwiwarta, ya ce a dinga shafa man zafi, ya shiga motarsa ya tafi. Makullin ƙofar da ya gama yanke wa hukunci na rataye a wuyanta yana kallo, bai ce mata uffan ba. Ita kuma a ranta ta ɗauka maganar masu kuɗi ce, a baki take ƙarewa.

Mota ta iso, ruwan ɗorawa, da ƙarafa biyu a gaba da take sokawa ƙarƙashin kaya ta ɗaga. Mata suka leƙa ta ɓular tamfol suka sa mata suna Mai Ƙaho. Kwana biyu aka yi ana mata dariya.

Daga nan dariya ta ƙare. Hayaƙi ba ya jin tamfol. Mai Ƙaho na kai da kawowa a ɓangaren maza, hayaƙinta ya tashi sama, ya tsallake ta tsakanin tamfol da rufi, ya sauko ɓangaren mata ya rasa hanyar fita. Maza suna da ƙofarsu a wangale, ko a jikinsu. Mata kuwa kafin azahar ido ya yi ja, kai ya ɗauki sara, in ka fyace majina baƙa ƙirin. Masu goyo suka daina zuwa da jarirai. Hira ta mutu, sai tari daga wannan kusurwa zuwa waccan.

Inna Kubura ta tari Alhaji a bakin ofis, ba ta ko tsaya dogon gaisuwa ba.

"Alhaji, motarka na kashe min yara."

"Subhanallahi! Wa ta taka?"

"Hayaƙinta. Zo ka tsaya a bayan tamfol na ɗan lokaci ka ji."

"Haba Inna, ni in shiga wurin matan mutane? Ai ke kika kafa dokar. Ga makulli nan a wuyanki, ki buɗe ƙofa iska ta shiga."

"In buɗe su a gaban direbobi da 'yan dako? Ka manta da abin da na faɗa wa mazajensu?"

"Ke kika faɗa musu, ba ni ba."

Wallahi da ba don tsufa da sanin ya kamata ba, da ta faɗa masa maganar da zai kwana da ita. Ita ta faɗa, gaskiya ne. Amma buhunan wa aka cika da faɗar tata? Ta haɗiye, ta ce to a kafa zana a gaban ƙofar, a buɗe ta daga ciki. Ya ce nan ne tireloli ke juyawa, zana ba za ta kwana ba. Ta ce to a cire kwanon tagogi a sa labule. Ya ce ita da kanta ta san 'yan dako, labule ba ya tsare idonsu. Justina ta sa baki, ta ce akwai fanka mai zuƙe hayaƙi da ake kafawa a bango. Ya ce za a duba.

Abin da aka duba shi ne madara. Washegari sai ga katan na madarar gwangwani, wai kowace mace ta sha bayan an tashi, tana wanke ƙirji. Kai, jama'a! Mutum ya shaƙe ka da hayaƙi tun safe, da yamma ya miƙo maka madara, kuma yana jiran godiya. Matan ma ba su sha ba, a haɓar zani suka ƙulle suka kai wa 'ya'yansu.

Da ta ga haka, Inna Kubura ta tara su ta ce ita kam za ta je ta gaya wa mazajensu halin da ake ciki, kowa ya san abin da zai yi da iyalinsa. Nan fa wuri ya kaure. Ikilima ce ta riƙe mata hannu, ga cikinta ya fito sosai, ga ido jawur.

"Inna, don girman Allah kada ki faɗa. Kin san Malam. Ya ji kalma ɗaya, shi ke nan na koma ɗaki, kuma ba zan sake fitowa ba har abada."

"Ke da ke da juna biyu? Ke ya kamata ki fara zama a gida."

"In na zauna me zan ci da shi in ya zo? Za mu ɗaure hanci da ƙyalle. Mu dai ki rufa mana asiri."

Gaba kura, baya sayaki. Ba ta faɗa wa mazajen ba, kuma shirun nan ya fi hayaƙin ƙona mata rai. Kullum da safe tana bi ƙofa-ƙofa tana kwashe matan mutane, mazajen na yi mata sannu da ƙoƙari, ita kuma ta san inda za ta kai su. Ta ji haushin Alhaji, ta ji haushin mazajen da ba su taɓa tambayar abin da ya sa matansu ke tari ba, ta ji haushin kanta.

Ranar da abin ya faru, ranar babban lodi ce, ana tsakiyar bazara. Tireloli sun cika fili, Mai Ƙaho ba ta huta ba tun hantsi. Don a yi sauri, aka sa wata tirela ta yi baya har ta toshe bakin ƙofar maza. 'Yar iskar da ke shigowa ta nan ma ta yanke. Direban motar kuwa sai ƙara taka ta yake yi, ana yi masa kirari.

Inna Kubura ta buga tamfol da tafin hannu tana kiran a kashe, a kashe. Wa zai ji ta a cikin wannan ruri? Da ta juyo, ba ta iya hango ƙarshen siton sosai. Wata ta saki faifai ta dafe kai. Wata ta fara amai. Sai wata ta ƙwala ihu, gaba ɗaya aka zabura aka nufi 'yar ƙofar lungu. Ƙofar da mutum ɗaya ke bi a karkace, yau mata sun fi a ƙirga kowa na son fita lokaci guda. Suka cushe a kwanar, ba gaba ba baya, na baya na danna na gaba.

Ikilima ba ta cikinsu. Tana can ɗaya ƙarshen, kwance a kan tulin zoɓo daf da ƙofar ƙarfe, hannu ɗaya a kan ciki, baki a buɗe. Inna Kubura ta jijjiga ta, ta kira sunanta, ta mare ta. Ko motsi. Ta kama hammatarta ta ja, gwiwa ta ce ba da ni ba. Ko da ta iya ja, ina za ta kai ta? Hanya ta toshe da mutane.

Ba ta yi wani dogon tunani ba, kada wani ya ce ta yi. Ta jawo makullin da ke rataye a wuyanta. Kwaɗon ya yi tsatsa, sai da ta haɗa da duka da dutsen awo kafin ya saki. Ta sa kafaɗa ta tura.

Haske ya faɗo ciki, hayaƙi ya yi waje. Matan da suka cushe a lungu suka ga sarari, suka juyo da gudu. Hijabai na can a igiya, wa ke ta hijabi? Haka suka fito filin lodi, da ɗaurin ƙirji, da shimi, kai ba ɗankwali, suna zubewa a ƙasa suna tari, a gaban direbobi da 'yan dako da masu shayi da duk wani ɗan zaman banza da ke jiran a gama lodi. Wasu mazan, Allah ya saka musu, suka juya baya. Wasu suka tsaya baki sake. Wani ɗan iska a saman tirela kuwa ya zaro waya ya ɗaga.

"Sauke wayar nan, la'ananne!" Inna Kubura ta daka masa tsawa da muryar da ba ta san tana da ita ba. "Uwarka ce a nan! Sauke!"

Ya sauke, amma bayan ya gama abin da zai yi.

Justina ce ta fito a guje da rungumen buhunan da ba komai a ciki, tana yafa wa mata ɗaya bayan ɗaya, tana zagin direban Mai Ƙaho da Hausa da yarensu har ya kashe injin. Ita ta tare mai adaidaita, suka ciccibi Ikilima aka yi asibiti da ita.

Alhaji ya iso bayan an lafa. Ya yi salati, ya tambaya ko an rasa rai, aka ce a'a, ya yi hamdala. Sai ya tsaya a bakin ƙofar ƙarfen, iska na kaɗa masa babbar riga, ya leƙa ciki ya ga siton ya washe tas.

"To ka gani," ya ce da direbansa. "Da tun farko an buɗe, da duk wannan bai faru ba."

Inna Kubura na zaune a ƙasa ta jingina da bango, ƙirjinta na zafi. Ta ɗaga kai ta dube shi. Maganganu sun cika mata baki, amma numfashin da za ta fitar da su babu. Ta cire igiyar makullin daga wuya ta jefa masa a gaban takalmi.

Kafin matan su isa gida, hoton ya riga su. Ikilima ta farfaɗo da yamma, likita ya ce ita da cikin duk lafiya, aka sallame ta.

Washegari Inna Kubura ta fito kamar kullum. Ta san abin da za ta tarar, amma ba za a ce ta ɓuya ba. Gidan farko aka ce mata ba a tashi ba. Gida na biyu maigidan ya amsa sallamarta daga zaure, bai fito ba. Na uku ya fito, ya ce da ita, "Inna, da girmanki," ya koma ciki. Haka ta bi layin nan har ƙarshe, ba mace ɗaya a bayanta. A cikin magidantan kuwa ba wanda ya tambayi wace irin mota ce, ko wa ya zaɓe ta, ko me ya sa aka kunna ta a rufaffen wuri. Sunan Alhaji bai fito a bakin kowa ba. Ita suka sani, ita ta zo ƙofar gidansu ta yi alkawari.

Malam Muslim na shagonsa a ƙofar gida, bai kunna keke ba. Da ya gan ta ya miƙe ya ba ta kujera, ta ƙi zama.

"Inna, an gaya min ke kika fitar da ita. Na gode. Allah ya saka da alheri."

"Amin."

"Amma ba za ta koma ba. Na tambaye ki abu ɗaya, kin amsa min abu ɗaya."

"Da na bar ta ta mutu fa, Muslim? Da ka fi jin daɗi? Da alkawarina ya cika, ko?"

Ya sunkuyar da kai. "Ban ce haka ba. Na dai ce ba za ta koma ba."

Ta wuce shi ta shiga cikin gida, ba ta nemi izini ba. Ikilima na zaune a tabarma a bakin ɗaki, ta jingina da bango, fuska ta faɗa. Inna Kubura ta ji zuciyarta ta yi sanyi a karo na farko tun jiya. Ga ta nan da rai, tana numfashi, cikinta na nan. Ko duk unguwa ta juya mata baya, wannan kaɗai ya ishe ta.

"Sannu, 'yar nan. Yaya jikin?"

Ikilima ta daɗe tana kallon ƙasa, tana murza bakin zaninta. Da ta ɗago, ba godiya a idonta, ba ma kunya.

"Inna, me ya sa kika buɗe?"

"Me ya sa na... Ke, kwance fa kike, ba kya numfashi!"

"Da na tashi. Ai ba jiya na fara faɗuwa ba, ɓoye miki nake yi. In na ɗan kwanta sai in tashi. Yanzu ga shi kin mayar da mu duka ɗaki. Da kin bar ta a rufe, Inna. Da kin bar ta a rufe."

Inna Kubura ta dafa bango, ta juya a hankali saboda gwiwa, ta fita ta gaban Malam Muslim ba ta yi masa sallama ba.